Zato, Zargi da Tuhuma a Bakin Kwalta

Bahaushe yana da kalmomi uku da yake auna nauyin abin da zuciyarsa ta raya masa game da wani mutum: zato, zargi da tuhuma. Zato shi ne mafi sauƙi, kallo ɗaya ya ishe shi, shi ya sa magabata suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Zargi ya ɗara shi nauyi, domin mai zargi ya riga ya nuna wani da yatsa, ko da a zuci ne. Tuhuma kuwa maganar gaban alƙali ce: an kira suna, an faɗi laifi, ana jiran amsa. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai wannan bambanci a darasin Hausa, in an buga ƙararrawa kuma in shiga wani aji in koya musu *soupçon* da *accusation* a darasin Faransanci. Amma wurin da kalmomin nan suke da farashi shi ne bakin kwalta, inda aka gitta igiya ko aka jera ganguna, wani mai kaki ya ɗaga hannu. A nan ne tambayar take tashi: wanne daga cikin ukun ya isa ya ba ma'aikacin hukuma ikon ya tsayar da kai, ya lalube jikinka, ya kwance ƙullin kayanka?

Mu mutanen Gure ba baƙin wannan tambaya ba ne. Garinmu yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, kuma daga gare mu sai Gudumariya, wato an shiga jihar Difa ke nan. Duk wanda ya taɓa hawa Hiyas ya bi ta Gidigir, Gidimuni da Mirya ya san yadda abin yake tafiya. Mota ta rage gudu, karen mota ya ce a fito da takardu, a tattara katunan shaida a miƙa ta taga. Bayan ɗan lokaci a dawo ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a kira ba ya sauka ya nufi rumfa. Sauran fasinjoji su yi tsit, wasu su yi ta duba agogo, domin kowa ya san motar ba za ta tashi ba sai an gama da shi. Mun saba da wannan har ya zama kamar tudu da gangare na hanyar, ba mai tambayar wa ya ajiye shi nan.

Tsayar da matafiyi ba Nasara ne ya kawo mana shi ba. Ganuwar Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu tana da ƙofofi, ƙofofin kuma suna da masu tsaro, kuma fatake sun san kuɗin fito tun kafin su san kuɗin takarda. Sai dai a wancan zamani shaidar baƙo mutum ce: wane ne mai masaukinka, wa ya san ka a garin nan? Mulkin mallaka ne ya mayar da shaidar takarda. A ƙarƙashin dokar da suke kira *indigénat*, kwamandan yana iya hukunta talaka ba tare da shari'a ba, gardi-sarki yana iya tare shi ya tambaye shi takardar izinin tafiya ko ta haraji, ba kuwa wanda zai ce masa don me. An soke wannan doka a 1946, amma tsoron da ta dasa ya fi ta tsawon rai. Kakanninmu sun koya wa iyayenmu cewa mai kaki ba a yi masa tambaya, iyayenmu kuma suka koya mana.

To, me doka ta ce? Abin da ya fi ba ni sha'awa, da na zauna na karanta, shi ne yadda ta tsananta a kan gida. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya tabbatar a aya ta 27 cewa gida wuri ne mai alfarma, ba a bincike ko kama mutum a cikinsa sai bisa sharuɗɗan doka. A aya ta 32 kuma ya amince da ƴancin zuwa da dawowa. Kundin tsarin shari'ar laifuka da aka kafa ranar 14 ga Agusta 1961, wanda aka yi ta yi wa gyare-gyare, ya bi abin daki-daki. Ya raba tsakanin laifin da aka kama ana cikin aikatawa, *flagrant délit*, inda jami'i yake da hannu sake, da binciken share fage, inda ba a shiga gidan mutum sai da yardarsa a fili. Ya hana fara binciken gida da tsakar dare, in ban da wasu halaye da aka keɓe. Ya ƙayyade tsarewa a hannun ƴan sanda ko jandarma, *garde à vue*, ga awa 48, ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara na jamhuriya, ko da yake a shari'o'in ta'addanci an tsawaita wa'adin ƙwarai daga baya. Ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta fitar a watan Satumba 2014 ta ƙara da cewa lauya yana iya tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Wannan girmama gida bai zo mana a baƙo ba. Ginin gidan Bahaushe kansa doka ce da aka rubuta da laka: zaure ne iyakar baƙo, daga nan sai sallama, sai jiran amsa. Suratun Nur ta umarci mai shiga gidan wani da neman izini, Suratul Hujurat ta yi kashedi a kan yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Malamai suna ba da labarin Sayyidina Umar, da ya haura katangar wani gida ya iske mai gidan yana saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, amma wanda ya leƙa asirinsa, ya shigo ba ta ƙofa ba, ba kuma sallama, ya yi uku. Umar ya ƙyale shi. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa mai hisba ba ya tono abin da aka ɓoye, sai fa in alama ta bayyana cewa za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Alama, ba raɗe-raɗin zuciya ba. Ashe ma'aunin da manyan kotunan duniya suke ta nema, almajiran zaure sun daɗe da jin sunansa.

Matsalar tana kan hanya. Kundinmu na 1961 an ɗauko shi ne daga na Faransa wanda ya fara aiki a 1959, kuma a lokacin ita Faransar kanta ba ta rubuta babin tambayar takardun shaida a kan titi ba. Sai a 1981 da 1983 ta yi shi, aya ta 78-2 ta kundinsu ta zo ta ce jami'i yana tambayar mutum shaidarsa idan akwai abin da ke nuna yana da hannu a wani laifi ko yana shirin aikata shi. Daga baya suka mayar da lafazin *raisons plausibles de soupçonner*, wato dalilan zargi waɗanda hankali zai karɓa. Tun a watan Janairu 1977 Majalisar Tsarin Mulkinsu ta rushe wata doka da ta so ba ƴan sanda ikon binciken kowace mota ba tare da wani dalili ba. Mu kuwa gadonmu ya zo da ƙofar gida a kulle, da hanya a buɗe. Abin da ake yi a shinge ya fi jingina ga dokokin tuƙi, ga aikin kwastan, ga umarnin tsaro na hukumomi, sauran kuma ga idon wanda yake tsaye a wurin.

Idon nan ne nake so mu tsaya a kansa. Wata shekara, da bazara, na hau mota zan tafi Damagaram gyaran takardun jarrabawa. Kusa da ni akwai wani saurayi makiyayi, da rawani, da jakar fata a cinya. A wani shinge aka karɓi takardu. Nawa katin ya dawo da sauri, mai kakin ma har ya yi murmushi ya ce, «Mushe, a sauka lafiya.» Saurayin nan katinsa yana nan daram, a naɗe cikin leda, hotonsa ne, sunansa ne. Duk da haka aka ce ya sauko da jakarsa. Ta taga ina kallo aka zazzage ta a kan tabarma: ganyen shayi, sukari, ƴar buta, maganin dabbobi, da kuɗi a ɗaure da roba. Kuɗin nan suka zama abin magana. Ina ya samo su? Ya ce bijimi ya sayar a kasuwa. Ina takardar cinikin? Aka karɓi wayarsa aka yi ta latsawa. Ya dawo bayan kusan rabin awa bai ce uffan ba, sai da muka yi nisa wani dattijo ya tambaye shi, ya ce ya bar jika biyu. Takardar biya fa? Ya yi dariya kawai.

Ni ma akwai kuɗi a aljihuna ran nan, akwai kuma jaka a ƙarƙashin kujerata wadda ba wanda ya taɓa. Da za a kira mai kakin nan gaban alƙali a ce ya faɗi abin da ya gani ga saurayin wanda bai gani gare ni ba, me zai ce? Rawani? Ƙurar daji a ƙafa? Rashin jin Faransanci? Duk waɗannan siffofin rabin mutanen Muniyo da Kutus ne. Kama da wane ba wane ba ce, in ji masu iya magana, amma a bakin shinge kama takan wadatar.

Wannan gwaji na «faɗi abin da ka gani» shi ne zuciyar shari'ar da ta fi shahara a wannan fanni. Ranar 31 ga Oktoba 1963, a birnin Cleveland na Amurka, wani tsohon ɗan sandan ciki mai suna Martin McFadden ya lura da mutum biyu suna karɓa-karɓa wajen wucewa ta gaban wani kanti, kowa ya leƙa ta gilashi ya dawo su yi ƙus-ƙus, suka yi haka sau da yawa, har na uku ya zo ya same su. Ya tunkare su, ya tambayi sunayensu, ya shafa bayan tufafinsu, ya sami bindiga a jikin biyu daga cikinsu. Ɗaya, John Terry, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, yana cewa ba a da hujjar kama shi lokacin da aka taɓa shi. A watan Yuni 1968 kotun ta yanke hukunci, alƙalai takwas a kan ɗaya: jami'i yana iya tsayar da mutum na ɗan lokaci da abin da bai kai hujjar kamu ba, yana kuma iya shafa saman tufafinsa don neman makami idan yana da dalilin jin tsoro, amma tilas ya iya nuna takamaiman abubuwan da ya gani, waɗanda wani mai hankali zai saurara ya ce lalle akwai magana. Jin jiki kawai bai isa ba. Da harshenmu sai mu ce: an hana aiki da zato, ba a kuma jira tuhuma ba; an tsaya a kan zargi, da sharaɗin ya zama mai madogara.

Kada mai karatu ya ɗauka rubuta ma'auni shi ne ƙarshen zance. A birnin New York, ƙarƙashin inuwar wannan hukunci ɗin, an tsayar da mutane sau 685,724 a shekarar 2011 kaɗai, kusan tara cikin goma aka sake su ba tare da an same su da komai ba, mafi yawansu kuma baƙaƙen fata ne da ƴan asalin Latin Amurka. Sai a 2013 wata alƙaliyar tarayya, Shira Scheindlin, ta ce yadda ake gudanar da abin ya saɓa wa tsarin mulki. A Faransa ma, ranar 9 ga Nuwamba 2016, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta sami gwamnati da laifi a kan tambayar takardu saboda launin fata. Abin lura shi ne, a duka wuraren biyu ma'aunin ne ya ba wanda aka zalunta abin riƙewa. Da ba a rubuta shi ba, da ba shi da abin da zai ce an karya.

Maƙwabtanmu na kudu sun taka wani mataki da ya kamata mu duba ba tare da girman kai ba. Dokar ƴan sandan Nijeriya ta 2020, a sashe na 54, ta jera abubuwan da ba za su zama dalilin zargi su kaɗai ba: launin mutum, shekarunsa, askinsa, irin suturarsa, laifin da ya taɓa yi a baya, da mummunar ɗauka da ake yi wa wata ƙungiyar jama'a. An sa mata hannu a watan Satumba, a watan Oktoba kuma matasa suka cika tituna suna neman a rushe rundunar SARS, wadda aka fi kuka da ita wajen tare samari saboda kitso ko waya mai tsada. Ba ina cewa hanyar Kano ta zama aljanna ba ne. Wanda ya bi ta ya sani. Amma da sashen nan namu ne, da rawanin saurayin can ya sami lauya.

Akwai gefe na biyu, kuma mutumin Gure da ya ɓoye shi bai yi adalci ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Kwana huɗu bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babur, aka ba jami'ai ikon bincike dare da rana, aka kuma yi ta sabunta dokar shekara da shekaru. Mun ga ƴan gudun hijira sun biyo kwaltar nan, mun ga motocin soja suna wucewa gabas, mun kuma ga waɗanda ba su dawo ba. Wasu daga cikin masu tsayuwa a shinge yaran da na koya wa haɗa jimla ne. Ɗaya daga cikinsu ya zo gaishe ni da salla, muka taɓa zancen, ya ce, «Mushe, ku kuna ganin wanda muka saukar. Mu kuwa wanda muka bari ya wuce shi ke hana mu barci. In na ƙyale mota ta je ta tashi a kasuwa, wa za a tambaya?» Ban da amsar da za ta ɗauke masa wannan nauyi, don gaskiya ya faɗa. Yana kwana a rumfar kara, albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne farkon wanda harsashi yake samu.

Abin da na ce masa shi ne, akwai bambanci tsakanin shingen da hukuma ta kafa a wuri sananne, na lokaci sananne, ana duba kowa bai ɗaya, da kuma zaɓen mutum ɗaya daga cikin goma sha tara. Na farko umarni ne ya ɗauke shi, kuma malami da makiyayi duk su buɗe jaka. Na biyu yana bukatar dalili, dalilin da za a iya rubutawa a layi biyu. Rabin awar da aka ɓata a kan ganyen shayi, rabin awa ce da ba a kalli motar da ke baya ba. Makiyayin da aka ci wa mutunci kuma, shi ne wanda zai ga baƙin fuskoki a bakin rijiya wata rana, ya yanke shawara ko ya je ya faɗa ko ya kama bakinsa. Game da kuɗi kuwa ba sai an je Amurka ba: tarar da doka ta sani tana da takardar biya mai lamba. Wadda ba ta da takarda sunanta daban, kuma shi ma ya san sunan.

Mu malamai akwai wani ɓangare da ya faɗo a kanmu kai tsaye. Yara nawa ne a ƙauyukan Kelle da Bune suke zuwa ajin jarrabawa ba su da takardar haihuwa, sai an bi kotu an nemo musu hukuncin maye gurbi, a rubuta *né vers*, wato an haife shi wajejen shekara kaza? Wanda bai sami wannan ba ba zai sami katin shaida ba, wanda ba shi da kati kuwa shi ne abincin rumfa har ya tsufa. Rashin takarda ba alamar laifi ba ce a ƙasar da uwa take haihuwa a nesa da magajin gari da tafiyar yini; alamar nisa ce kawai.

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, ina ganin ƙungiyoyinmu na raya al'adu suna da aikin da ya fi shirya wasan kwaikwayon ƙarshen shekara. Ayoyin da suka shafi tsayarwa, bincike da tsarewa ba su da yawa. A fassara su da Hausa, da Barbarci, da Fulatanci da Tubanci, a karanta su a gidajen rediyon karkara, a kai su makarantun horar da masu kaki kansu. Aikin ba mai sauƙi ba ne, domin kowace kalma tana da tarko. Ɗauki *assentiment*, yardar da ake nema kafin a shiga gidan mutum a binciken share fage. In muka ce «yarda», to ai wanda ya ga mutum huɗu da bindigogi a ƙofar zaurensa ya ce «to», shi ma ya yarda. In muka ce «izini» mun fi kusa, domin izini na mai iko ne, kuma mai ba da izini ya san yana iya hanawa. Ni dai izini nake goyon baya, ko da yake wani abokin aikina yana ganin «amincewa» ta fi, kuma har yanzu ba mu rabu a kan maganar ba.

Dokar 1961 ta ce wannan izini a rubuta shi da hannun mai gidan, in kuma bai iya rubutu ba a ambaci haka a cikin takardar bayanin bincike. Ba ta faɗi da wane harshe ba, ba ta faɗi da waɗanne haruffa ba. A unguwarmu akwai dattawa da yawa da ba su taɓa zama a bencin lakwal ba, amma suna rubuta wasiƙa da ajami, suna lissafin bashin kasuwa da shi. In aka miƙa wa ɗayansu takarda da Faransanci aka ce ya sa hannu, sai a dangwala masa yatsa a wuce, alhali da an ba shi alƙalami zai iya rubuta da kansa, daga dama zuwa hagu, cewa ya ba da izini a duba ɗakin baƙi da rumbu, ban da ɗakin matarsa da ke jego.